Yadda Ake Karanta Littafin Kaboyi Mai Jini a Fito da Farar Riga

Idan ka bi matakan nan tara ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari za ka karanta littafin da aka kashe mutum ɗari da goma sha ɗaya a cikinsa, ka ji daɗin mutuwar kowannensu, sannan ka rufe bango ka tashi kana mutumin kirki kamar yadda ka zauna. Wataƙila ma ka fi. A kaina na gwada, kuma ni ba ƙaramin shaida ba ne. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗinkin tsofaffin littattafai a wani ɗan shago, tela a damana, mai gyaran agogo a hagu. Ban yi makaranta mai nisa ba, Turancin da na iya da wani ƙamus maras bango na koye shi. Sannan duk layinmu an san ban iya yanka kaza ba. Riƙe maganar kazar nan da kyau, ita ce jarinmu.

Mataki na ɗaya: Kada ka sayi littafin, bari ya zo ya same ka

Mutumin kirki ba ya shiga kasuwa ya ce a ba shi littafin harbe-harbe. Jira yake yi ƙaddara ta kawo masa har gida, don ranar da aka tambaye shi ya ce, "Ni ma kawo min aka yi."

Ni Kawu ne ya kawo min nawa. Yayan mahaifiyata ne, tsohon soja, idanunsa sun tafi shekara uku da suka wuce, yana zaune a ɗakin baya na gidana. Tun ina yaro ban taɓa jin ya yi maganar yaƙin da ya je ba, ko kalma ɗaya. Wata safiya ya lalubo akwatin ƙarfensa ya ciro wani littafi, bango ya rabu da shi, zaren ya ruɓe, an ɗaure shi da igiyar takalmi.

"Ɗan nan, ɗinka min wannan. In ka gama ka riƙa karanta min da yamma."

Na ce ai jikokinsa sun fi ni Turanci, sun yi boko.

"Na sani. Kai na zaɓa. Kai zuciyarka ba ta son jini, mai irin zuciyarka nake so ya karanta min shi."

Ka ga irin wannan shaidar? Daga bakin mutumin da ya san jini ta fito, ba a samun irinta sau biyu. Duk sauran matakan nan aikinsu ɗaya ne: kada tsohon ya janye ta.

Mataki na biyu: Nemi hujjar aiki

Kada ka ce karatu kake yi. Ka ce dubawa kake yi.

Littafi ɗauri-ɗauri ake ɗinka shi, kowane ɗauri shafi goma sha shida. Kafin mai ɗinki ya sa basilla sai ya jera su, ya tabbata ba a sa na biyar a gaban na huɗu ba. Lambar da ke kusurwar shafi kawai ake dubawa, aikin minti goma. Amma ido ba shi da linzami, kuma wa ya ce lamba ba ta ƙarya? Gara a bi layi-layi a tabbatar. Ni kwana tara na yi ina tabbatarwa.

Labarin wasu makiyaya ne bakwai a wata ƙasa mai ƙura da duwatsu, masu malafa da bindiga a ƙugu. Suka wayi gari dawakansu sun ɓata, suka ari wasu suka bi sawu. Duk wanda suka tambaya a hanya bai ba su amsar da suke so ba, ungulu ce ke ƙarasa hira da shi.

Wajen jerawa na lura da wani abu. Duk takardun sun yi laushi, gefensu ya yi baƙin hannu, ban da ɗauri na takwas. Shi fari ne ƙal, da ƙarfinsa, kamar jiya aka buga. A matsayina na gwani mai shekara ashirin da biyu a sana'a, nan take na gano dalili: masu bugawa ne takarda ta ƙare musu suka canza wata. Idan kai ma ka ci karo da irin wannan, ka yi irin bayanina. Gwaninta amfaninta ke nan, tana hutar da mutum daga tunani.

Mataki na uku: Ƙirga gawarwakin

Nemi fensir da bayan wata takarda. Duk wanda ya faɗi, ja sanda ɗaya. Wanda ke jin daɗi ba ya ƙirga, wanda ke ƙirga kuwa bincike yake yi, kuma babu wanda ya taɓa zargin mai bincike da mugunta.

Ƙirgar za ta kawo maka tambayoyi masu nauyi, su ma ado ne. Mutumin da aka kashe a takarda, alhakinsa a wuyan wa yake? Marubuci ne ya ja kunamar bindigar, na yarda. Amma marubucin ya mutu ko ya tsufa, littafin yana rufe a akwati shekara da shekaru, mutanen ciki suna zaune lafiya, babu mai harbin kowa. Sai da na buɗe aka fara faɗuwa. Kuma duk lokacin da na koma baya don in sake ganin yadda aka yi, mutumin nan tashi yake yi a sake harbe shi saboda ni.

Yi wannan tunanin kana kallon rufi, hannu a haɓa, inda masu wucewa za su gan ka. Kada ka wuce minti biyar. Daga nan ka koma shafin da ka tsaya, an kusa rataye wani.

Mataki na huɗu: Yi tir da shi a bainar jama'a

Wannan shi ne sabulun. Gwargwadon daɗin da ka ji, gwargwadon tsakin da za ka ja.

Na leƙa shagon tela da takardun a hannu. "Maƙwabci, ka san akwai mutanen da ke zama su rubuta yadda ake fasa kan ɗan Adam, wasu kuma su saya su karanta? Duniya ta lalace."

Bai ɗago daga keken ba. "To ajiye mana, Shehin gam."

"Sai na ga iyakar ɓarnar."

"Shekaranjiya ka ce ka ga iyakarta. Yau ga ka a tsakiya."

"Akwai abin da ban gane ba."

"Kai da ko jinin kaza ka gani sai ka nemi bango ka jingina? Jiya matarka ta aiko min da zakara, na yanka, na wanke wuƙa, na dawo na tarar kana murmushi kai kaɗai. Me aka yi a shafin?"

Na ce murmushin takaici ne. Ka haddace wannan amsar. Babu likitan da zai iya bambanta shi da ɗayan.

A gida ma kada ka yi sanya. Da matata ta ce, "Malam, abincinka ya huce, wai me ke cikin takardun nan?" sai na girgiza kai na ce abin da bai kamata mace ta ji ba. Ta ce, "Namijin da ya kamata ya ji kuma tela ne, shi da ya saba." Ƙyale ta. Mata ba su fahimci bincike ba.

Mataki na biyar: Cire wurin da ya fi muni, saboda tausayi

Ɗauri na takwas ne, farin nan, shafi na ɗari da goma sha uku zuwa ɗari da ashirin da takwas. A nan makiyayan suka iso wani ƙauye a bakin kogi, suka ga sawun dawakai a laka. Ba su tambayi kowa ba. Mutum arba'in da uku a lissafina, har da waɗanda suka shiga ruwa. Daga baya aka gano dawakan ba sace su aka yi ba, da kansu suka ɓalle suka bi ciyawa.

Yanzu ka tambayi kanka: ya dace a karanta wa tsoho makaho wannan? Mutumin da in an buga ƙofa da ƙarfi sai kofin shayi ya zube a hannunsa? Bai dace ba. Saboda haka ka ɗauki basilla ka ɗinka na bakwai da na tara kai tsaye, ka ja zare, ka shafa gam, ka yi sabon bango, ka danne da ƙarfe ya kwana. Aikin hannuna ne, ko mai ido ba zai ga gurbin ba, balle maras shi.

Kada ka ƙona ɗaurin da ka cire. Mutumin kirki ba ya ƙona rubutu. Kada kuma ka jefa a shara, wani zai iya tsinta ya lalace. Sa shi a aljihun tebur, ƙarƙashin gwangwanin gam, inda babu mai kaiwa gare shi sai kai da ka san illarsa.

Mataki na shida: Riƙa dubawa ko har yanzu yana da muni

Wannan nauyi ne a kanka. Ka yanke wa shafi goma sha shida hukunci, adalci ya ce ka riƙa sake duba shari'ar.

Ni nakan duba da safe kafin masu kawo aiki su fara zuwa, da kuma bayan azahar in layi ya yi shiru. Kullum ina tarar da shi da muninsa, alhamdu lillahi, hukuncina yana nan daidai. Akwai wuri ɗaya da ya fi bukatar dubawa. Bayan an gama, hayaƙin bindiga ya lafa, sai ɗaya daga cikin makiyayan ya ga tukunya a kan murhu tana tafasa, mai ita tana kwance a gefe. Ya sauke, ya kira sauran. Suka zauna su bakwai suka ci, har wani yana cewa gishiri bai ji ba.

Wannan wurin ya dame ni ƙwarai. Ya dame ni ranar Litinin, ya dame ni ranar Talata sau biyu. Idan shafi ya manne, lashi babban yatsa ka juya. Ɗan gam da ke hannunka ba zai yi komai ba.

Mataki na bakwai: Karanta wa tsohon da muryar ta'aziyya

Da yamma ka ɗauki kujera ka zauna a ƙofar ɗakinsa. Sassauta murya. In an zo wajen kisa ka ɗan tsaya ka yi ajiyar zuciya, yadda zai ji.

Kawu yakan zauna a bakin gado, sanda tsakanin gwiwoyi, fuska na kallon inda murya take. Bai cika magana ba sai in marubucin ya yi shirme.

"Tsaya. Bindigar nan harsashi nawa take ci? Na ƙirga goma sha huɗu bai sake ɗurawa ba."

"Haka aka rubuta, Kawu."

"Ƙarya ce. Kuma mutum ba ya faɗuwa da baya yana jawabi. Zaunawa yake yi kamar wanda ya gaji. Ci gaba."

Ran nan kuma ya ce, "Ɗan nan, wani abu na ba ni mamaki. In ana bayanin duwatsu da faɗuwar rana sai ka yi ta tuntuɓe, kana neman ƙamus. Da an zaro bindiga sai Turancinka ya miƙe kamar titi."

Na ce kalmomin harbi gajeru ne. Ya ce, "Haka ne fa." In tsoho ya ce maka haka ne fa, ka ɗauka ya gamsu. Kada ka tsaya nazarin yadda ya faɗe ta.

Rana ta goma sha ɗaya muka iso gurbin. Shafi na ɗari da goma sha biyu ya ƙare da makiyayan sun hango hayaƙin wani ƙauye. Na juya ba tare da numfashi ba, na ɗora da inda suke kan hanyar komawa gida, babu mai yi wa wani magana.

Sanda ta bugi ƙasa sau ɗaya.

"Ina kogin?"

"Sun ƙetare, Kawu."

"Ina tukunyar?"

Mataki na takwas: In an kama ka, fake da tausayi

Kada ka yi musu, makaho ya fi ka sanin abin da ya ji. Sunkuyar da kai, ko da ba ya gani, murya tana nuna inda kai yake. Ka ce, "Kawu, don kai na cire. Na ga abin ya yi yawa, na ce zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Ni kaina da ƙyar na iya kallonsa."

Jimlar ƙarshen nan ita ce gwanintar. Ni da na faɗe ta har idona ya kawo ruwa.

Kawu ya jingina sandarsa da gado. Daga tsakar gida ana jin matata tana kwashe shanya. Sannan ya ce:

"Shekara arba'in littafin nan yana wurina. Na karanta shi ya fi sau talatin, don dawakan da shirmen. Amma wurin nan sau ɗaya na karanta. In na zo sai in haɗa takardun in kama su da yatsa biyu in tsallake. Duk littafin ƙarya ne, ɗan nan, wurin nan ne kawai wanda ya rubuta ya san abin da yake faɗa. Ban taɓa iya gaya wa uwarka ba, ban gaya wa matata ba har ta rasu. Na ce kafin in bi ta, bari in ji wani ya faɗe shi da baki sau ɗaya, wanda muryarsa za ta yi rawa. Shi ya sa ban ba jikokina ba. Su dariya za su yi, sun saba gani a waya."

Ya miƙo tafin hannu. "Ka ƙona?"

Ga dama ta samu. Ka ce ka ƙona, magana ta ƙare, shaidarka tana nan har ya koma ga Allah. Ina ba ka shawara da babbar murya ka ce ka ƙona. Ni dai bakina ne ya riga ni, ya ce suna shago.

"Je ka ɗauko."

Mataki na tara: Miƙa takardun da hannu biyu

Tafiyar minti bakwai ce zuwa shago. Yi amfani da ita wajen shirya fuska, ko da yake ba fuskar za a duba ba.

Na dawo na durƙusa na miƙa. Ya ɗora su a cinya, ya bi gefensu da yatsa a hankali, kamar mai zaɓen yadi. Ya murza kusurwa. Ya kai wajen shafin tukunyar, inda gam ya bushe da zanen babban yatsa, ya tsaya a nan yana shafawa.

"Da na ba ka, waɗannan sun fi sauran ƙarfi. Har yankan hannu suke yi."

Na kalli babban yatsana.

"Yanzu sun fi tsumman goge tebur laushi. Sau nawa?"

Ni da na ƙirga gawa ɗari da goma sha ɗaya ban yi kuskuren ɗaya ba, na ce, "Ban ƙirga ba, Kawu."

"Mu ma ba mu ƙirga ba," in ji shi. "To, karanta. Fara daga inda suka sauka daga dawakai. Kuma ka ajiye min muryar ta'aziyyar nan, yi yadda kake yi wa kanka."

Na miƙa hannu in karɓi takardun. Ya dafe su da tafinsa.

"Ai ba ka bukatarsu."

A nan mai hankali zai yi in-ina, ya ce ya manta. Na so in yi. Amma na buɗe baki, Turancin ya miƙe kamar titi. Suka sauka, suka ɗaure dawakai a jikin itace, suka shiga ta bayan shinge. Na bi su gida-gida har bakin ruwa, ban nemi ƙamus ba, ban yi tuntuɓe ba, muryata ba ta yi rawa ko sau ɗaya ba. Na kai inda aka sauke tukunya, wani ya ce gishiri bai ji ba. Nan Kawu ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Mu ma mun ci. Da zafinsa, a tsaye, da hannu." Ya tattara takardun ya daidaita gefensu a gwiwa. "Sau ɗaya na ci daga tukunyar nan, shekara arba'in tana taso min. Kai kuwa kullum kana komawa ƙari."

Ya miƙo min su tare da littafin. "Mayar da su inda suke. Ka yi ɗinki mai kyau, ka iya."

Washegari na farke bangon, na mayar da ɗauri na takwas tsakanin na bakwai da na tara. Yanzu launinsa ɗaya da sauran, babu gwanin da zai ce an canza takarda. Kawu ya mayar da littafin akwati ya kulle. Da yamma har yanzu ina kai masa shayi, yana cewa sannu, ina cewa yauwa. Bai sake cewa a karanta masa komai ba. Ranar Asabar matata ta sayo kaza, ta tsaya a tsakar gida tana neman wanda za ta aika wajen tela. Daga ɗakin baya muka ji muryarsa: "Ki ba mijinki mana." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauka wasa yake yi.

Tela ne ya yanka. Ka ga ke nan hanyar tana aiki, sunana a layi bai taɓu ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko an bi su daidai ko an yi kuskure. Alkawarin farar riga aka yi maka, ba a yi maka alkawarin kujera a ƙofar ɗakin kowa ba. Idan akwai tsoho a gidanku da ya taɓa yi maka kyakkyawar shaida, kuma yanzu in ka shigo sai ya juya fuska wajen taga alhali ba ya ganin taga, wannan tsakaninku ne, kada a kawo min ƙara shago. Masu neman bayani su tuntuɓi marubucin littafin, shi ya ja kunamar. Ni rigata fara ce, kowa na iya zuwa ya duba. Babban yatsana ne kawai na wanke da sabulu, na wanke da kananzir, har yau in na taɓa takarda sai ta manne.